Motar da Sai an Tura

A daminar waccan shekarar ba noma ne ya gajiyar da ni ba, turin mota ne. Tsohuwar mota ce na saya bayan na sayar da masara, saboda Inna, mahaifiyata, wadda ciwon suga ya buɗe mata gyambo a ƙafa. Likita ya ce a riƙa kai ta Funtuwa ana wankewa, kuma daga Ƙarfi zuwa can ba tafiyar babur ba ce ga tsohuwa.

Da fari motar ba ta da laifi. Daga baya ta ɗauko wani hali. In ta yini a hanya, lafiya lau. In ta kwana biyu a ajiye gindin dalbejiya, ka murɗa makulli sai ka ji ƙis, shi ke nan. Sai in bi maƙwabta ina sallama, su fito su tura mu cikin taɓo, Inna na zaune a baya tana jan carbi.

"Malam, yau ma jakin ya ƙi tashi?" in ji su.

Ana dariya, amma na ga ƙafafunsu sun fara nauyi. Ranar da kowa ya tafi gona ba mu samu zuwa ba. Aka sake yin haka. Da muka je, likita ya kwance ƙyallen, ya dube ni, ya ce in aka ci gaba da fashi za a yanke ƙafar.

Na sayi sabon batir a Malumfashi. Shi ma ya kwanta yadda na farko ya kwanta. Nan na kai ta wajen wani mai gyaran wayar mota, dattijo kamar ni, mai yawan tari. Ya kashe komai, ya zare makulli, ya cire kan batir ɗaya ya goga, sai ga tartsatsi.

"Batirinka ba shi da laifi, Malam. Akwai mai shan wuta a ɓoye."

Ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, yana gogawa, ina tsaye a rana har inuwata ta koma ƙarƙashina. Da ya zare na fitilun ciki, tartsatsin ya ɗauke. Muka duba ƙofofi, babu komai. Ya ɗaga but ɗin baya, ya ce in yi maza in taɓa ƙwan fitilar da ke ciki. Ya ƙona mini yatsa. Ashe ba ya mutuwa, dare da rana yana ci a cikin duhu.

Akwai ɗan maɓalli da murfin ke dannewa in an rufe. A gefensa muka tarar da laya ta jar fata, an ɗaure ta tam da zare, ta tokare murfin kaɗan. Yana kulluwa, amma ba ya kaiwa ga maɓallin.

Na san layar. Ta marigayi mahaifina ce, wanda ya fara ɗora mini alƙalami a hannu. A cikin hularsa take zama in zai ci kasuwar Dandume.

Da na koma gida na durƙusa gefen tabarmar Inna na tambaye ta.

"Ni na ɗaura," ta ce. "Da sandata na lallaɓa. Hanyar nan da ake tare mutane, ka bi ta haka kawai?"

"Inna, ita ce ke shanye batir."

"Ayar Allah ce za ta sha maka batir? Kai, ka ji tsoron Allah."

Na ce to a matsar da ita gaba. Ta ce a'a, masu mugun nufi ta baya suke biyowa. Ta juya fuskarta bango.

Ban da ƙarfin gardama. Na fita na zare ƙwan fitilar, na jefa shi aljihu, na bar layar inda take.

Ranar asibiti na zaunar da Inna, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Motar ta tashi nan take. Wani maƙwabci da ya riga ya naɗe ƙafar wando ya warware abinsa ya koma gida.

"Ka gani?" in ji Inna daga baya. "Kai da ka ce a cire."

Na ce Alhamdulillahi, na sa giya.

Ba mu ƙara fashi ba. Ƙafar ta tsira, sai ɗan yatsa ɗaya da fashin baya ya riga ya ci. Har yau in zan ɗauki kaya a but da magariba, lalube nake yi.