Rawanina a Bakin Farfela

Da muna yara, in ka doshi karofin mahaifinmu a Ƙofar Gayan, warin shuni ne ke tarbarka. Yanzu ƙara ce, kamar ta injin niƙa. Wannan ƙarar ce ta sa maƙwabta suka kai kuka, dangi suka ɗora mini, a matsayina na babba, in je in ce wa ’yar ƙanena ta kwashe ƙarafunanta a cike ramukan rinin a gina shaguna.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani tsohon abokina. Hanya ta yi kyau, wanda ya san ta a da sai ya yi godiya. A Kwanar Dangora muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ce ko da carbi ake auna shi. Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Doka, babura na ta kutsawa kamar na Alkahira, sai dai namu ba sa jin haushin kowa.

Yarinyar ta karanci injiniyanci. Ta durƙusa ta gaishe mu, hannu duk baƙin mai, sannan ta yaye buhun da ta lulluɓe ƙaramin jirgin da ta ƙera. Abin bai fi faɗin ƙyaure ba, yana da fukafukai da farfela huɗu masu kallon sama, batir ne ke juya su. An ɗaure shi da igiya a turke kamar rago.

Na hau jirgi mai saukar ungulu a Sudan, na hau manya daga Jidda har Faris. Wancan yana tashi tsaye amma ba ya nisa, waɗannan sai sun yi gudu a fili. Nata so take ya haɗa biyun: ya tashi tsaye, sannan farfelun su sunkuyo gaba su ja shi. Ta ce duk wahalar tana wuyan da ke sunkuyar da su. Shi ke ɗaukar nauyi da girgiza, ta cikinsa wayoyin wuta ke bi suna lanƙwasawa kullum. In na dama ya riga na hagu, jirgin ya kife. Shi ya sa ta ɗora kowane biyu a kan sandar ƙarfe guda, ta sa giya mai haƙoran da ba sa komawa baya ko wuta ta ɗauke.

A gidanmu ba a gwada sabon abu sai babba ya tsaya a gabansa ya yi addu’a. Ta roƙe ni in tsaya a gefe, na ce iskar ai ƙasa take bugawa. Jirgin ya tashi, ƙura ta turnuƙe, ni kuwa ban zaci zai ɗaga ba. Ina ɗaga hannu don addu’a farfelun suka sunkuyo suka dube ni, ya matso iya igiyarsa. Sai na ji an fizge jelar rawanina. Rawanin ya warware, hula ta faɗa rami, farfela ɗaya ta shaƙe da rawanin ta tsaya cak. Yarinyar ta kashe wuta, jirgin ya dira a kan buhunan yashi a zaune.

Unguwa ta yi tsit, ni kuwa ga sanƙo a fili. Yarinyar ta rugo a guje, ta wuce ni, ta durƙusa tana jijjiga wuyan nan. Sannan ta juyo.

“Baffa, ba ka ji ciwo ba ko?”

“Yanzu kika tuna kina da Baffa?”

“Ka yi haƙuri. Gwajin da nake tsoron yi ke nan, farfela ta tsaya farat ɗaya. Duba, ko motsi wuyan bai yi ba.”

Abokina ya ce tun da yake bai taɓa ganin rawani ya yi aikin gwamnati ba sai yau.

Bayan azahar, a kan tuwon masara da miyar kuka, na shaida wa dangi da maƙwabta cewa ba za a cike ramukan ba. Za ta riƙa gwaji tsakanin hantsi da azahar kawai. Ba kowa ya ji daɗi ba, amma aka ci gaba da cin tuwo.

Mun iso Kano da la’asar, ina sanye da aron hula. Na zaga ƙasashe ina kallon abin mamaki a hannun wasu, sai ga shi a bayan gidanmu ya tuɓe ni. Karofin ya zama nata. An ja farin layi a ƙasa, kuma daga ranar nan a bayansa manya ke tsayawa su yi addu’a.