Ranar da Goggo ta tare ƙofa

Da asuba na tarar Goggo ta riga ta kunna injin ɗaukar hoton cikin jiki, tana goge teburin da ake kwantar da marasa lafiya. Shekararta ashirin da biyu a wannan ɗaki. Ni aikina tura gado ne, kuma duk asibitin ban san wanda ya kai ta rowar magana ba.

Ranar na turo mata wani direban tirela, kwana uku yana amai, ba bayan gida, ko tusa ba ya yi. Ya kasa tsayuwa, don haka a kwance aka ɗauki hotonsa. Likita ya duba, ya ce bai ga toshewa ba, a ba shi maganin wankin ciki ya tafi gida.

Zan fita da shi ke nan Goggo ta tare ƙofa. Ta ɗaga rigarsa, ta ga tsohon tabon tiyata a ƙasan cibiya, ta ce in mayar mata da shi. Na ce ni ba na son rigima da likita, ga bayana yana ciwo.

"Ɗan nan, turo shi. Hanjin da ruwa ya cika yana iya ɓuya a hoton kwance."

Ta juya shi ta gefen hagu, ta sa muka jira minti goma cur don iskar ciki ta taso sama. Direban yana nishi ya tambaya ko gasa shi za a yi. Ta ce in ya gasu za ta juya ɗaya gefen.

Da ta sake ɗauka, sabon hoton ya fito, ni da ban yi karatu ba sai da na ga bambanci. Layuka ne bi da bi kamar matakala, ruwa a ƙasa, iska a sama. Mutum ɗaya, ciki ɗaya, rabin awa tsakani. Likita ya daɗe yana kallo baki buɗe, sannan ya yaga takardar sallama, ya ce ƙaramin hanji ne ya toshe, a shirya ɗakin tiyata yanzu-yanzu. Da hannuna na kusa kai mutumin nan bakin titi.

Ina tura gadon na waiwaya. Matar direban na tsaye a baranda, ta riga ta sayo maganin wankin cikin, har ta buɗe murfin kwalbar tana neman cokali. Goggo ta zare ta daga hannunta, ta tuttular a kwata.