Jar Kazar Kalilu

A kasuwar Jega, a shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, idan aka ce Kalilu ba a tambayar wanne. Mahauci ne ɗan mahauci, fawa ya buɗe ido ya tarar a gidansu. Da hantsi yana kwata yana fiɗa, yana sara ƙashin shanu da gatari, in kuwa kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, sai ya naɗe hannun nan na dama da zare ya shiga fagen dambe. Daga Jega har Maiyama babu makaɗin da bai san takensa ba. Hannu ɗaya ne ke riƙe wuƙa, shi ne kuma ke naushi, shi ke ciyar da gidan. Matarsa Zinatu ta fi kowa sanin haka, shi ya sa ƙarar kalangu ba ta taɓa yi mata daɗi ba.

Abin haushi, ba ma a dambe hannun ya karye ba. Wani bijimi ne da aka kawo yanka ya fizge igiya ya maka shi da bango. Aka kwashe shi zuwa Aliero, wurin wani tsohon mai ɗori, Baba Shehu. Shi kuwa tsohon nan yana da wata al'ada tasa: sai ka zo da kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta da kara yadda ya ɗaure ka. Zinatu ta ba da jar kazarta. Da ya gama tofi ya ce wa Kalilu, "Ka riƙa duba ta. Ran da ta taka ƙasa da ƙafar ga, kai ma naka ya kama."

To, mutumin da ya saba wuni a tsaye, an zaunar da shi a gindin darbejiya da hannu rataye a wuya. Ya daina fira, ya daina cin abinci na kirki. Aikinsa ke nan leƙa akurki. Kaza ta motsa, ya yi murmushi. Kaza ta lafe, ransa ya ɓaci har magariba. Zinatu tana gani, tausayinsa kamar ya kashe ta.

Wata safiya, yana masallaci, ta buɗe akurki ta tarar da kazar ta sanƙare. Innalillahi! Ta san mijinta sarai, in ya ga wannan zai ce hannunsa ne ya mutu, kuma ba mai iya fitar masa da hakan daga kai. Ta ƙunshe mushen a zane, ta rufe akurkin da tsohuwar tabarma, ta ce masa sanyi kazar take ji, kada a buɗe ta yau. Ta ce kuma za ta Jandutsi gaida yayarta Hindu. Can ta zaɓo wata ja mai kama da tata, ta kawo ta a cikin kwando a ƙarƙashin ganyen rama, ta ɗaura mata karan nan a lafiyayyar ƙafa. Kalilu ya leƙa da yamma ya ce, "Kai, yau idonta ya yi haske." Ranar ya cinye tuwonsa tas, Zinatu kuwa har hamdala ta yi.

Sai dai kaza mai lafiya ba ta san zaman jinya ba. Ba a jima ba ta tsattsage tsumman da baki, ta yar da karan, ta fito tsakar gida a guje tana bin fara. Kalilu ya miƙe tsaye yana kabbara.

"Zinatu! Taho ki gani! Ta taka, wallahi ta taka!"

"Maigida, ɗingishi take yi."

"Wane ɗingishi? Wagga da ta kusa haye danga?"

A makon ne kuma labari ya zo an buɗe dambe a Maiyama, wani Bala daga Sarandosa yana ta cika baki, wai Kalilu ya ɓuya a bayan mata. Makaɗa suka aiko a gaya masa takensa na nan yana jiran mai shi. Zinatu ta roƙe shi ya fara komawa Aliero a duba hannun. Ya ce, "Mi zan je yi? Baba Shehu ya riga ya faɗi magana, ga ta kuma tana yawo a gabanki."

Sau biyu ta buɗe baki za ta faɗa masa. Na farko ta dubi fuskarsa, ta ga farin cikin da ta daɗe ba ta gani ba, ta kasa. Na biyu yana cikin kwance karan ɗorin da haƙori, ta ce, "Maigida…" ya ɗago ya ce, "Miƙo mani zaren can." Tsoro ya kama ta, tsoron ya ji ta yi masa ƙarya a kan hannunsa. Ta ce a ranta wataƙila ma ya warke ɗin, tunda kumburin ya saɓe. Da hannunta ta miƙa masa zaren.

Mata ba sa zuwa fage, saboda haka a bakin Abdu direba, wanda ya dawo da Kalilu a bayan a-kori-kura, ta ji yadda aka yi. Ba a ma je ko'ina ba. Kalilu ya kai naushin farko, Bala ya tare da gwiwar hannu, waɗanda ke kusa suka ji ƙas duk da kiɗan da ake yi. Bai faɗi ba, in ji Abdu, tsaye ya yi yana kallon hannun yana lilo, har makaɗan suka yi shiru da kansu.

Aka sake komawa Aliero. Baba Shehu ya lalluba, ya ce ƙashin ɗanye ne, karaya ce a kan karaya. Ya tambaya, "Kazar fa?" Kalilu ya ce, "Tana can tana gudu." Tsohon ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin haka ba tun da yake. Zinatu tana tsugune a bakin ƙofa, ta ja gyale ta rufe fuska.

Hannun ya haɗe, amma a karkace, yatsun suka ƙage. Ba ya riƙe wuƙa, balle gatari. Abokan sana'a ba su kore shi ba, sun bar masa wankin tumbi da hanji a bayan kwata, aikin da a da ko kallonsa ba ya yi. Tuwo ma da hagu yake ci, shi ya sa ya daina zama cin abinci a ƙofar gida da maza. In an fara kiɗan dambe a gari sai ya shige ɗaki ya ja labule. Tun ba a daɗe ba matasa suka fara tambayar wane Kalilu.

Kazar kuwa ta yi ƙiba, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Ya hana a yanka ta, ya hana a sayar, ko da sallah. Kullum in ya dawo zai ɗebi tsaba da hagu ya watsa mata, ya zauna yana kallon ƙafarta. Wani yammaci Zinatu tana hura wuta ta ji ya ce, ba da faɗa ba, "Kin gani ko? Tare aka ɗaure mu, ita ta warke. Laifin ƙashina ne, Zinatu."

Ta ƙara sunkuyar da kai cikin murhu. Da ya tambaye ta abin da ya sa idonta ke zuba, ta ce itacen ne ɗanye.