Layukan Malam Hamani

Cikin ku da kuka san Malam Hamani mai yankan gilashi a kasuwar Katako, wa ya taɓa samun tafin hannunsa? Babu. Wuyan hannu yake miƙo maka, ko da kai liman ne. Wai ƙwayar rairayi ɗaya a hannun mutum ta isa ta ƙarje masa madubi. Ni Sani tela, da butik ɗina ke manne da nasa, na sha wuyan hannun nan har na ƙoshi.

Madubin ma ba na duba fuska ba ne. Wani gilashi ne mai kauri, faɗin faifai, da ya ce zai goge har ya lotsa kaɗan, ya sa shi cikin bututu ya ga watan sama kusa da kusa. Muka yi ta dariya. Shi kuwa sauri yake, don lokotoro ya gaya masa ganinsa na raguwa kuma ba zai dawo ba. Yana son ya ga watan nan kafin duhu ya rufe shi.

Kun tuna awonsa. Sai ya ɗora wani ɗan gilashin gwaji bisa babban, ya kunna koren ampul na lantarki, sai layuka su fito, baƙi da haske, kamar zanen saƙi. In sun miƙe, aiki ya yi. In sun karkace, akwai tudu ko rami da ido ba ya gani. Ko gardamar ƙwallo ake, sai ya ce, "Bari mu tambayi layi."

Wahalar ita ce layukan nan ba su son motsi. Ana gab da Sallar Layya, ɗinki ya kai mini wuya, sai ga shi a ƙofa.

"Sani, tsai da keken nan. Layuka na rawa."

"Haba Malam, kayan Sallar mutane ne fa."

"Sallah tana dawowa baɗi. Idona fa?"

Na ɗage ƙafa daga keken ina cika ina batsewa. Bai tsaya nan ba, ya fita titi ya ɗaga wa wani kamiyo mai katakai hannu ya ce, "Kashe mota, ana awo." Direban ya ɗauka hukuma ce, ya kashe, har da ba da haƙuri.

Sai ranar da Alhaji Garba mai siminti ya shigo kallo ya dangwala babban yatsa a kan gilashin. Zafin yatsan kawai ya sa layukan suka lanƙwashe. Malam bai yi faɗa ba. Ya kawo kujera ya ce, "Zauna, Alhaji. Ga abin da ka yi. Ba ka tashi sai ya huce." Mutumin da ke da manyan motoci ya zauna shiru kamar mai jiran allura. Da layukan suka koma, Malam ya ce, "To, gilashi ya yafe. Ni da saura."

Rowa kuwa, kar ku tona. Bututun na magudanar ruwa ne. Da aka zo kan ƙafafun da za a ɗora shi, na shigo da safe na tarar tsohon keken ɗinkina zaune a ƙasa, ba ƙafa.

"Malam, ina ƙafafun kekena?"

"Shi ya yi ta ɓata mini aiki. Ya biya."

Wallahi na yi fushi har azahar.

Ranar da abin ya yi, ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce, "Sani, ban yarda da idona ba yanzu. Kawo zare." Na ja zare bisa layukan. Sun miƙe sak, ba inda suka kauce. Na gaya masa. Ya zauna a ƙasa ya yi ta hamdala.

Ya shafa wa madubin azurfa, muka ɗora komai a taksi sai Tondibia, bakin kogi. Rabin layinmu ya biyo mu, har Alhaji Garba. Muna sallame magariba, wata ya yi rabi a sama, Malam ya kafa ido. Ya daɗe yana leƙe, yana murza ido. Na ce a raina shi ke nan, mun makara.

Can ya ce, "Sani, ashe wata duk ramuka ne, kamar hanyar garinmu bayan damina. Kuma ba wanda ya gyara."

Muka fashe da dariya, shi hawaye na zuba a gemunsa. Ya gani, jama'a. Ya gani da idonsa, ya kuma sa mu layi ɗaya bayan ɗaya muka gani.

Ba a zagayo shekara ba ganin ya tafi gaba ɗaya. Duk da haka yakan sa a fito da bututun, maƙwabta na kallo, shi yana gaya musu inda babban ramin yake, bai taɓa kuskure ba.

Na yi kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Malam Hamani, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a Aljanna.