Ba a Sakin Igiya Sai Na Ciki Ya Amsa

Yau sakamakonmu ya fito, kuma wallahi na ci. Ba da ƙyar ba, ci mai kyau. Tun safe wayata ke ɓari kamar mai masassara: mabruk ya Zinatu, mabruk ya daktora. Karatun jinya fa na yi, amma yau ba na gyara wa kowa baki, ku kira ni daktorar, na amsa. Yatsuna har zafi suke don mayar da saƙo.

Sai dai rabin 'yan ajinmu ba ta tawa suke yi ba, ta Amurka suke. An gama zaɓen nan mai shegen rikici, tsohon da ke kan mulki ya janye ana tsakiyar tafiya, an harbi wani ɗan takara a kunne, ga yaƙi na ci, yanzu ana jiran a rantsar da sabo. Wata ta rubuto min, "Ke Zinatu, a ganinki zai tsayar da yaƙin?" Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ni in aka zo maganar nan ba na jin komai, kamar wurin da aka yi wa allurar kashe zafi. Ka taɓa, ka san fatarka ce, amma shiru.

Kuma yau Juma'a, ina da kiran da zan yi.

A Hindawiyya na tashi, unguwa ce ba nisa da Harami, a gidan haya mai hawa uku, mu ne a na ƙarshe. In an yi sallar magariba Kaka sai ta ɗauki tabarma da kurfoti ta hau saman bene, mu bi ta da butar shayi. Akwai gas a ƙasa fa, amma Kaka ta ce shayin gas ba shi da uwa ba shi da uba. Sai gawayi. Ta zauna jikin tankin ruwa ta miƙe ƙafa, tana fifita wutar da murfin kwali, ƙasa kuwa 'yan tasi na ta zuba hon.

Mu ne masu sauraro: ni, da 'ya'yan maƙwabta, da Habibu ɗan Kawu Sani. Habibu a lokacin Larabci ya fi zama a bakinsa, Sitti yake ce mata.

"Sitti tana Jidda," in ji Kaka. "Ni Kaka ce. Ango marar sisi, ko sunan matarsa bai iya ba."

Kawu Sani shi ne autanta. Da can wayit yake ja a Ka'akiyya, tankar ruwa ke nan, har wani dillali ya samo masa aiki a Kuwait, wurin wani kamfani mai kai wa sojojin Amurka ruwa cikin Iraƙi. Uwar Habibu ta rasu tun yana goye, don haka Kaka ce ke riƙonsa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ke kira. Kaka ta riƙe wayar da hannu biyu tana ɗaga murya, sai ka ce ta taga take masa magana.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da muke nacin ta, ta mai haƙar rijiya. Kakanmu namiji sana'arsa ke nan a ƙauyensu can wajen Damagaram, kafin su zo Hajji su zauna. Ita kuwa ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga ta tafe, ba takalmi." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wai an yi wani gari da ruwa ya ƙafe musu. Wani mutum ya ce shi zai shiga ƙasa ya nemo. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi, wani dattijo ya riƙe ɗaya bakin. A nan Kaka kan ajiye kwalin fifita ta ɗaga mana yatsa, don wannan ba tatsuniya ba ce, dokar mahaƙa ce da ta gani da idonta. In hannun mai riƙon igiya ya gaji zai ba wani, ba ya saki sai sabon hannu ya kama a ƙasan nasa. Ko ya kama ɗin ma, ba a saki sai an leƙa an kira na ciki ya amsa.

Sai ta dunƙule hannu a baki ta yi murya mai zurfi. "Na ciki, kana ji?"

Mu duka mu kwarma, "Ina ji!"

Habibu ya fi kowa ƙarfi, har matar hawa na biyu ta taɓa hawowa ta yi mana faɗa. Sau uku ake canza hannu, sau uku muna amsawa, a na ukun ruwa ya ɓalle, a jawo mutumin jiƙe sharkaf, gari ya sha. Kaka ta ce, "Ta naɗe tabarmarta ta tafi." Shi ke nan, a sauka a yi isha'i.

Sai shekarar wani zaɓen Amurka ta zo. Ina 'yar firamare, amma ba zan manta ba, don unguwarmu kamar a nan za a jefa ƙuri'ar. Wai baƙar fata ya fito takara, ubansa ɗan Afirka, kuma ya ce zai kwashe sojoji daga Iraƙi. Masu shago, 'yan tasi, masu tura keken tsofaffi a Harami, kowa ya zama masani. Babana in ya dawo aiki sai ya hawo mana da rediyo, Kaka ta rage wa tatsuniya lokaci ta kasa kunne. Ba ta san sunan jam'iyya ko ɗaya ba. Abu guda ta sani: in an kwashe sojoji, ba wanda za a kai wa ruwa, Sani ya dawo.

Ranar da aka ce baƙin ya ci, ya salam. Wani mai shago ya raba lemo kyauta. Babana ya hawo da gudu yana haki, "Inna, ya ci! Sani ya kusa dawowa!"

Kaka ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "To, ya kama?"

"Ya kama me?"

"Mulkin. Yana hannunsa yanzu?"

"A'a, sai an rantsar da shi. Sai bayan Hajji, da sama da wata guda ma."

"Mai sauka kuma ya gaji, an ce har ya fara haɗa kaya."

"Haka suke yi, Inna. Tsarinsu ne."

"To tsakanin nan da can, wa ke riƙe da igiyar?"

Babana ya yi dariya, mu ma muka taya shi ba mu san dalili ba. Ya ce, "Inna, Amurka ce fa, ba rijiyar ƙauyenku ba." Ta ce to. Ta ci gaba da fifita wuta.

Kawu ya kira a Juma'ar da ta biyo, da ta bayanta. A ta ƙarshen ya ce kamfaninsu ya sayar da kwangilar, wai kowa na tsoron abin da sabon shugaba zai zo da shi, za a miƙa su da motocinsu ga wani kamfanin. Ya ce saura zuwa ɗaya ko biyu ya ajiye, a gaya wa Habibu zai zo masa da keke. Lokacin Hajji ya kama, Mama ta tafi aikin girki a Arfa, Babana ba ya kwana gida don jigilar alhazai. Mu kaɗai da Kaka.

Juma'a ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Kaka ta ce layi ne ya cushe saboda alhazai. Wata Juma'ar ta zo. Ta miƙo min wayar, don ita ba ta iya karanta lamba ba, ta ce, "Ƙawata, ke mai saurin yatsa, nemo min shi." Na danna. Wata mata ta ce da Larabci ba a samun wannan lambar yanzu.

Da alhazai suka watse Babana ya shiga nema. Dillali ya ce shi nasa ya ƙare tun ranar da ya kai shi. Tsohon kamfani suka ce sun miƙa duk direbobinsu ga sabon. Sabon suka ce su ba a miƙa musu mai wannan suna ba. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce yana raye. Ba gawa, ba sallah, ba zaman makoki. Mutane su zo ƙofa su rasa me za su ce, ta'aziyya ko jaje, sai su ce "ya muka ji da haƙuri" su sauka. Ana cikin haka aka rantsar da sabon shugaba, muka gani a talabijin, mutane cike da fili cikin manyan riguna na sanyi, wasu har kuka suke don murna.

Kaka ba ta yi kuka ba, ni dai ban gani ba. Ba ta kuma fasa hawa bene ba. Magariba na yi ta ɗauki kurfoti. Amma da muka ce a yi mana ta mai rijiya, sai ta fito da wata kama.

A wannan karon dattijon ya riƙe igiya har tafin hannunsa ya tsage, guga kuwa ba ya fito da komai sai yashi, wani lokacin da jini a jiki. Gari suka gaji da shi suka ce a canza. Mutum biyu suka fito nema, wani tsohon mayaƙi mai tabo da wani saurayi mai daɗin baki. Aka ajiye ƙwarya biyu, kowa ya jefa tsakuwa a ta wanda yake so, ta saurayi ta cika. Aka ɗauko ganguna, aka ɗaga shi a kafaɗa aka zaga gari da shi. Dattijo ya duba ya ga ba mai kallonsa, sai ya ɗaura igiyar a jikin tumfafiya ya tafi wanke hannu. Saurayi ya ce gobe da sassafe zai kama. Washegari ya zo da sabuwar riga, ya kwance igiya, ya ja.

Ta zuba shayi a ƙaramin kofi, ta mayar buta, ta sake zubawa.

Habibu tuni ya cika baki da iska yana jiran wurin ihu. Da ya gaji ya ce, "Sitti, kin manta. Ba ki ce na ciki kana ji ba."

"Ban manta ba, angona. Su ne ba su kira ba."

"Tayyib, ya fito?"

"Sha shayinka."

Ba ta ce tatsuniya ta naɗe tabarma ba. Aka kira isha'i muka sauka. 'Ya'yan maƙwabta suka daina neman wannan, wai ta lalace. Habibu ma bai ƙara tambayar keke ba.

Ni kuwa aikina ya zama na Juma'a. Ana saukowa daga masallaci ta miƙo waya, in danna, matar nan ta faɗi abin da ta saba faɗa, Kaka ta karɓa ta kara a kunne ta ce, "Na ciki, kana ji?" Ta ɗan jira. Ta miƙo min, ta tashi ta duba tukunya. Aka kwashe sojojin daga baya, aka mayar da wasu, aka yi wani zaɓen, aka sake wani. Babana ya taɓa cewa, "Inna, ki bar yarinyar nan ta huta, lambar nan ta mutu." Ta ce, "Lamba ce ta mutu." Bai sake tayar da zancen ba.

Ina shekarar farko a makarantar jinya ciwonta ya yi tsanani. Wata Juma'a ina zaune bakin katifarta, na danna mata kamar kullum, amma hannunta ya kasa ɗaga wayar. Sai ta kamo wuyan hannuna ta ɗora tafina a kan wayar, ƙasan nata.

"Kin kama?"

"Na kama, Kaka."

"Kar ki ce min don in ji daɗi. Kin kama?"

"Wallahi na kama."

"To kira shi in ji."

Na kara a kunne. Kunya ta kama ni, ga Mama tsaye a ƙofa. Na ce a hankali, "Na ciki, kana ji?" Muka jira tare. Sannan ta zare hannunta. Kafin wata Juma'ar an kai ta makwancinta.

Ban ce zaɓe ne ya cinye Kawu ba. Mai yiwuwa bam ne a hanya, mai yiwuwa wasu ne suka tare motar, Allah kaɗai ya sani. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan mugun dattijo ce, ko kan saurayi mai son a yabe shi. Yanzu da na yi koyon aiki a asibiti na ga yadda ake miƙa aiki, mai fita na sauri ya kama mota, mai shigowa bai gama ɗaura takalmi ba, na gane ba mugu ko ɗaya a cikinta. Kowa ya yi abin da ake yi. Na ciki ne kawai ba a tuna da shi ba. Shi ya sa in na karɓi aiki sai na bi gado gado na kira sunan kowa ya amsa, 'yan ajinmu har tsokanata suke, wai Zinatu mai kiran suna.

Habibu tasi yake ja yanzu. Ɗazu ya turo min mabruk da hoton kek, bai ce komai kan Juma'a ba, ba ya taɓa cewa.

An sauko daga masallaci. Na hau bene, kurfotin na nan bayan tanki ya yi tsatsa. Na danna lambar, ba sai na duba ba, yatsana ya haddace. Muryar matar ma an canza ta, wata ce daban, amma maganar ɗaya ce. Na bari ta gama.

Na ce, "Na ciki, kana ji? Zinatu ce. Na ci jarrabawa."

Na jira daidai yadda Kaka ke jira. Saƙonni na ta shigowa, wayar na ɓari a kunnena. Ban saki ba tukuna.