Layinmu Kowa Ɗan Arba'in

Sau ɗaya na taɓa faɗuwa jarrabawa, a kwas ɗin ƙididdiga, shekarata ta farko a kwaleji. Da na dawo maimaitawa Baba ya ce in na sake faɗuwa sai dai in haƙura da karatun, kuma Baba ba ya magana biyu. Don haka ranar da malaminmu ya ba da aikin da ke ɗauke da maki mai tsoka, na ɗaura ɗamara. Ya ce kowa ya tattaro alƙaluma na gaske, ya zana su, ya bayyana yadda suka bazu: ina suka fi taruwa, ina tsakiyarsu, wanne ya ware shi kaɗai. Ya kuma rantse duk wanda ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro lambobi, sifili zai ba shi.

Na zaɓi shekarun manyan layinmu a Unguwar Shanu. Sai ga shi ana suna a gidan maƙwabtanmu, mata cike da tsakar gida, maza a ƙofa. Faɗuwa ta zo daidai da zama! Na suri biro na shiga da rawar jiki.

"Goggo, shekarunki nawa?"

"Ke 'yar nan, ba ki da kunya? Sa arba'in."

Ta kusa da ita, wadda ta goya ta tana jaririya, ita ma ta ce arba'in. Wata tsohuwa Bakatsiniya ta ce an haife ta shekarar da kasuwar garinsu ta ƙone, sannan ta ce, "Ƙaddara saba'in, ɗiyata." Mazan ma haka. Kawu direba ya shafa gemu ya ce, "Zan kai hamsin, ko na ɗan gota."

Na dawo gida na zana ginshiƙai, kowace shekara da nata. A littafi irin wannan zanen yakan fito kamar tsibin hatsi, ya hau a hankali ya sauka a hankali. Nawa kuwa ya yi tsiri a talatin, arba'in, hamsin, sittin, tsakaninsu wawulo. Ƙawata ta ce in kwashi 'yan arba'in in rarraba wa shekarun da ke kusa, wa zai sani? Raina ya ɓaci. Lambobin da na sha zagi kafin in samu, su zan taɓa? Na ƙi.

Ranar gabatarwa na kwafe zanen a allo. Malam ya haɗe rai.

"A ina kika samo waɗannan? Layinku sai bayan shekara goma-goma ake haihuwa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni dariyar nan ce ta buɗe min baki. Na ce alƙaluman sun fi yawa tsakanin talatin da hamsin, tsakiyarsu na wajen arba'in, tsohuwar nan ta ware can gefe ita kaɗai. Tsirin kuwa, na ce, ba haihuwa yake nunawa ba, yadda mutanenmu ke faɗin shekaru ne. Yawancinsu a gida aka haife su ba takarda, kowa sai ya kama goman da ta fi kusa da shi ya zauna. Ina faɗa ina jin daɗi na ratsa ni, don a lokacin ne na gane zanen nawa gaskiya ya faɗa.

Malam ya juya ga aji. "Wa ya san ainihin shekarun mahaifiyarsa?"

Ni kuwa da baki ya riga ya buɗe na ce, "Malam, kai fa, shekarunka nawa?"

"Hamsin," ya ce, ko tunani bai yi ba.

Sai ya tsaya. Aji ya ɗauki ihu. Ya karɓi allin hannuna, ya ƙara wa ginshiƙin hamsin tsawo, ya ce, "Je ki zauna, kin ci."