Ƙwaryar Sajan Ilu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Sajan Ilu na Toranke, tsohon soja, manomin gyaɗa, wanda ya tafi yaƙin basasa da kunnuwa biyu ya dawo da ɗaya mai aiki. Allah Ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa ne dattawan yankinmu suka ga ya kamata a yi wa 'yan mazan jiya abin tunawa a bakin hanyar Gaya, gindin wata darbejiya. Mutum-mutumi dai liman ya ce kada ma a fara. Sai aka tsaya a kan dakalin siminti, a rubuta sunayensu a jiki, a ɗora siffar hular kwano ta soja a sama. Magininmu bai taɓa riƙe irin hular ba, amma ya san ƙwarya. Ya ari ta matarsa, ya kife, ya shafe da siminti. Ranar da aka yaye ƙyalle tafi muka yi gaba ɗaya, don ba wanda ya so ya zama na farkon faɗin abin da ya gani.

Masu fura ne suka karɓi wurin hannu bibbiyu. Yau in ka taso daga Kano ka ce a sauke ka a dandalin tunawa, kwandasta zai dube ka kamar ka yi masa baƙin yare. Ce masa "Ƙwarya", yanzu ya buga jikin mota.

Bana samarin gari, da suka ga na wasu ƙasashe a waya, suka ce wannan abin kunya ne, a rushe a gina na tayil, a kewaye da ƙarfe. Suka nemi yardar iyalan mamata. Na yi shekaru ina koyar da tarihi, ra'ayina ya karkata gare su, amma na fara zuwa wajen matar marigayi, Inna Hansai.

"Inna, hular gaskiya za a sa masa."

"Ta gaskiyar ga ta can bayan rumbu," in ji ta. "Tun da ya dawo kaji ke shan ruwa a ciki. Da hannunsa ya ajiye musu."

"To, a rushe?"

"Ku 'yan boko, abu in ya zauna lafiya sai kun tashe shi. Ku kori masu fura, wa zai riƙa wanke masa suna? Kai?"

Da gaskiyarta, don kullum safiya matan nan sai sun wanke dakalin kafin su sauke kaya. Matafiyi kuwa yana jiran mota, ludayi a hannu, idonsa kan faɗa kan sunayen, ya ce Allah Ya jiƙan maza. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wurin da aka kewaye aka kulle da kwaɗo ma haka yake, mutane barinsa za su yi.

Da Kawu na nan, na san kunnen da zai juya wa samarin. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba, amma bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Na gaya musu iyalan Sajan ba su yarda ba, sauran gidaje suka bi. Fenti kawai aka sabunta.

Lambobin yabonsa sun yi tsatsa, gonarsa an raba. Abin da ya rage masa a bakin hanya shi ne inuwa, da fura, da addu'ar mutanen da ba su taɓa saninsa ba. Allah Ya kai haske kabarinsa da na abokan tafiyarsa.